Kowa na so a kwashe shara, ba mai so a kawo ta: labarin bolar Kwabenya

Akwai wata unguwa a arewacin Akra, babban birnin Ghana (Ankara, in ji tsofaffin fatakenmu), ana ce mata Kwabenya, can wajen da hukumar makamashin nukiliya ta ƙasar take. A wani kwari da ke gefen unguwar nan ne gwamnati ta yi shekara da shekaru tana son gina wurin binne sharar birnin. Kuɗi ya samu har sau biyu, na farko daga Birtaniya na biyu daga Bankin Duniya, injiniyoyi sun yi zane, an fasa hanya har zuwa wurin, amma wurin nan bai taɓa buɗewa ba. Mutanen da ke zaune a gefen kwarin ne suka ce atafau ba a ƙofar gidansu ba, suka tsaya kai da fata sama da shekara goma har gwamnati ta gaji ta haƙura.

In ka ba wa mutum labarin nan a taƙaice haka, abin da zai fara cewa shi ne son kai ne kawai, su ba sa yin shara ne? Tasu sharar ina ake kai ta, ba ƙofar gidan wasu ba? Turawa har suna suka laƙaba wa irin wannan hali, wai "a yi, amma ba a bayan gidana ba", kuma jami'an gwamnati na son kalmar sosai saboda da zarar ka jefi mutum da ita shi ke nan ka huta, ba sai ka amsa tambayarsa ba. Ni ma da haka nake kallon abin. Amma da na bi labarin Kwabenya daki-daki, da abin da ya biyo baya a Akra ɗin, da abin da ya faru a Adis Ababa, sai na ga maganar ta wuce son kai nesa ba kusa ba. Mutanen nan ba shara suke tsoro ba a karan kanta, alƙawarin hukuma ne ba su yarda da shi ba, kuma suna da dalili.

Sai an fara bambance abu biyu da mu a Hausa duk bola muke ce musu. Akwai bola ko juji irin wanda muka sani, a samu kududdufi ko tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini ko kangon wani a yi ta zubawa har ya zama tsauni, awaki su hau, yara su yi tsince-tsince, in ya yi yawa wani ya cinna masa wuta. Sannan akwai abin da injiniyoyi ke nufi in sun ce wurin binne shara na zamani, wanda shi gini ne sosai kamar yadda dam gini ne. Ana haƙa rami mai faɗi, a daddaɓe ƙasansa da yumɓu, a shimfiɗa wata roba mai kauri a liƙe gaɓoɓinta yadda ruwa ba zai ratsa ba, a jera bututu masu huda a kai cikin tsakuwa, sannan a fara zuba shara ɓangare-ɓangare, katafila na bi tana dannewa, kuma kullum kafin a tashi aiki a rufe abin da aka zuba ranar da ƙasa. A Amurka doka ta ce kaurin ƙasar rufin nan ya kai inci 6, kullum fa, ba duk sati ba. Wannan rufin shi ke hana ƙuda da ɓera da ungulu da wari, shi ke hana iska kwasar leda ta watsa a gidajen mutane.

Bututun nan na ƙasa kuwa aikinsu tara ruwan bola ne. Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen babban juji da damina ya san shi, wani baƙin ruwa mai kauri da ke tsatsowa daga gindin shara yana bin kwata, warinsa kaɗai ya isa ya sa ka amai. Ruwan sama ne ya ratsa ruɓaɓɓen abinci da kashi da batura da ragowar magunguna da fenti, ya kwaso duk abin da zai iya narkarwa, har da dalma da sauran ƙarafa masu guba. In ya sauka ƙasa ya haɗu da ruwan da rijiya da burtsatse ke ja, to fa an gama, don ba a wanke ruwan ƙarƙashin ƙasa kamar yadda ake wanke randa. Shi ya sa a wuri na zamani ake tara shi a kai tafkunan tacewa. Sai kuma iska: shara in ta ruɓe a inda iska ba ta shiga tana fitar da gas, kusan rabinsa wanda ake kira metan ne, irin mai kama wuta ɗin nan, kuma yana ci gaba da fita shekaru da yawa bayan an daina zuba shara, shi ya sa a Amurka ɗin dai wajibi ne a ci gaba da kula da wurin shekara 30 bayan rufewa. In ba a sa bututun zuƙe shi ba yakan taru a ciki, wata rana ka ga bola ta kama da wuta ba wanda ya kunna, ta yi ta cin ciki wata da watanni kana ganin hayaƙi ba ka ganin harshen wuta.

To a takarda duk wannan abu ne mai kyau, kuma gaskiya ne akwai ƙasashen da za ka wuce ta gefen irin wurin ba ka ma san shara ce a ciki ba. Inda gizo ke saƙar shi ne gini sau ɗaya ake yi, amma kula kullum ce. Mai ba da bashi zai biya kuɗin haƙa da roba da bututu da katanga da sikelin auna motoci, a zo a yanka ƙyalle a ɗauki hoto ya tafi. Gas ɗin da katafila za ta sha gobe da jibi, da tifofin ƙasar rufi, da gyaran famfon da ke jan ruwan bola in ya ƙone, da albashin ma'aikata, wannan kuma na ƙaramar hukuma ne, ita kuwa ƙaramar hukuma kowa ya san halinta, bashin 'yan kwangilar kwashe shara ma yakan yi watanni ba a biya ba. Rana ɗaya katafila ta lalace a ce ana jiran kayan gyara daga waje, motoci kuwa ba za su daina zuwa ba, sai a fara juyewa a bakin ƙofa, sati biyu a haka wurin zamani ya koma juji, abin da ya rage masa na zamani allon da ke bakin hanya ne kawai. Injiniya yana magana kan ranar buɗewa, mai gida a Kwabenya yana tunanin shekara ta biyar.

Kuma ba hasashe suke yi ba. Mutanen Akra sun ga yadda aka yi da bolar unguwar Mallam, sun ga Oblogo da ke wajen Weija, inda aka mayar da tsofaffin ramukan fasa dutse wurin zuba sharar birni, baƙin ruwan nan yana gangarowa ta tsakanin gidaje yana neman kogin Densu, ƙuda ya hana mata sana'ar abinci, motoci na zubar da shara a kan titi tun kafin su isa. Duk wuraren nan ma da aka zo buɗe su ai ba a ce wa mutane za mu lalata muku unguwa ba, daɗin baki aka yi musu. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle, balle wannan ba tsumma ba ne, macijin ne dai aka sake masa riga.

Shi kansa zaɓen Kwabenya ya samo asali ne tun shekarun 1990, lokacin da wurin daji ne, sai 'yan gonaki da masu fasa dutse. A lokacin zaɓin ba laifi, kwari ne, nesa da gari, ba mutane sosai. Wajen farkon shekarun 2000 aka fara aiki da kuɗin Birtaniya, aka yi hanyar shiga da magudanar ruwa, sai rigimar fili da diyya ta taso aiki ya tsaya cak. Abin dariya abin takaici, hanyar nan da aka yi don motocin shara ita ta buɗe wurin. Ka san halin birni, duk inda titi ya bi filoti ya yi daraja, masu ƙasa suka fara yanka suna sayarwa, ma'aikaci da ɗan kasuwa da haya ta ishe shi a cikin gari ya zo ya saya ya fara ɗora bulo a hankali a hankali. Ga lissafin da zai nuna maka irin gudun da garin yake yi: ƙidayar 2000 ta ba yankin Akra da kewaye mutum miliyan 2.9, ta 2021 ta ba shi miliyan 5.4. Duk waɗannan mutane sai sun kwana a wani wuri. Kafin gwamnati ta sake samo kuɗi ta dawo, dajin da ke cikin takardar bincikenta ya zama unguwa.

Nan wasu za su ce to ai su suka je suka tarar da bola, ba bola ce ta tarar da su ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don lallai akwai waɗanda suka gina suna sane da cewa an ware wurin, wasu ma ana zargin don diyya suka yi ginin. Amma fa gwamnatin da ta ware fili ba ta biya masu shi ba, ba ta katange ba, ba ta hana sayarwa ba, ta yi shiru shekaru tana kallo ana ta gini, ita ma sai ta ɗauki nata kason. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma wannan ba ciwon Akra kaɗai ba ne, Olusosun ta Legas da aka buɗe a 1992 ai bayan gari ce a lokacin, yanzu ga ta nan a Ojota tsakiyar mutane, duk mai shiga Legas ta hanyar Ibadan hancinsa zai gaya masa ya iso, kuma a 2018 ta kama da wuta hayaƙi ya rufe unguwanni. Garuruwanmu suna cimma bolarsu ne tun kafin bolar ta cika.

Maganar diyya ita ce ta fi ɗaure kai, kuma a nan ne nake ganin mutane da yawa ba sa gane me ya sa talaka ke tada jijiyar wuya. A Najeriya dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. A Ghana ba haka ba ne, mafi yawan ƙasa, wajen kashi 80 cikin 100, tana hannun sarakunan gargajiya ne da dangi, su ke ba da haya ta shekaru masu yawa. Tsarin mulkin ƙasar na 1992 ya yarda gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, amma da sharaɗin ta biya diyya mai kyau kuma a kan lokaci. To tambayar ita ce wa za a biya? Dangin da ke da asalin ƙasar? Wanda ya saya a hannunsu, wataƙila ma filin mutum biyu aka sayar wa, abin da ya zama ruwan dare a Akra? Wanda ya kai ginin linta kuɗi ya ƙare? Ɗan haya? Mata da matasan da ke fasa dutse a kwarin suna sayar da tsakuwa, waɗanda ba su da ko takarda ɗaya amma nan ne abincinsu? Sannan ga wanda ya fi kowa shiga uku, wato mutumin da gidansa ya faɗo bayan layin da aka ja da taku kaɗan. Na cikin layi za a biya shi ya tashi. Shi kuwa ba a taɓa masa ko bulo ɗaya ba saboda haka ba sisi, amma gidan da ya tara kuɗin fansho ya gina ya zama gidan bakin bola, in ya sa a kasuwa ba mai taya shi, ɗan haya ma sai wanda ya rasa. Warin bola bai san layin safiyo ba.

A 2004 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 62 don aikin tsaftar muhalli a manyan biranen Ghana, kuma Kwabenya na ciki. Mutanen wani yanki na wurin da ake kira Agyemankata suka yi zanga-zanga, suka rubuta takardu, da suka ga ba a jin su sai suka bi wata hanya da talakawa da yawa ba su san da ita ba. Bankin Duniya yana da wani kwamitin bincike mai zaman kansa da aka kafa a 1993, wanda mutanen da aikin bankin zai cutar za su iya kai ƙara gabansa kai tsaye ba sai ta hannun gwamnatinsu ba. A watan Agustan 2007 wata ƙungiyar kare haƙƙin matsuguni mai suna COHRE ta shigar da ƙara a madadinsu. Kwamitin ya zo ya duba, a 2009 ya fitar da rahoto, kuma a manyan batutuwa ya ba mutanen gaskiya: bankin bai cika ƙa'idojinsa na kansa ba wajen binciken illar aikin ga muhalli da wajen shirin tada mutane, an jingina da tsohon bincike alhali wurin ya canza, ba a zauna an auna wasu wuraren da kyau ba a ga ko akwai wanda ya fi. Wato abin da ake ta ce wa taurin kai da jahilci, ƙwararru sun zo sun ce ashe akwai magana a ciki. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan aikin bai sake miƙewa ba, ƙarshe aka watsar.

Da a fim ne da nan za a tashi, talakawa sun kayar da gwamnati da banki. Amma tsugune ba ta ƙare ba, don shara ba ta san an yi nasara ba, washegari ma sai da kowane gida a Akra, daga Nima da Mamobi har unguwannin masu kuɗi, ya fitar da tasa. Cikin bashin nan na Bankin Duniya dai an gina wani wurin binne shara na zamani a Kpone, wanda aka auna shi daidai sharar birnin Tema, maƙwabcin Akra. Da Akra ta rasa inda za ta kai tata sai motocinta suka karkata can. Wurin da aka yi wa lissafin gari ɗaya ya koma ɗaukar na gari biyu, har da tarin gwanjon da ba ya sayuwa daga kasuwar Kantamanto, tsummokaran da ba sa dannuwa ba sa ruɓewa da wuri, ya cika tun kafin lokacinsa, a 2019 ya kama da wuta ya yi ta hayaƙi, mutanen Kpone su ma suka fito suna cewa a rufe.

Ka ga Kpone ɗin nan kowane ɓangare zai iya ɗaukarta ya kafa hujja. Ɗan Kwabenya zai ce kun gani ko, ga na zamanin naku, da mun yarda da mu ne ke shaƙar hayaƙin nan. Jami'in gwamnati zai ce da kun bari an gina naku da ba a yi wa Kpone lodin da ya fi ƙarfinta ba. Kuma wallahi dukkansu gaskiya suka faɗa, abin da ya sa batun ke da wuya ke nan. A tsakanin nan birnin ya sha wahala ba kaɗan ba, a 2014 kwalara ta kama sama da mutum 28,000 a Ghana kuma Akra ce cibiyarta, ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a dandalin Kwame Nkrumah mutum wajen 150 suka mutu, kuma cikin dalilan ambaliyar har da magudanan ruwa da shara ta toshe. Ba ina cewa rashin Kwabenya ne ya jawo waɗannan ba, a'a, zai zama zalunci a ɗora musu, amma garin da bai da inda zai kai shara ƙarshenta lambatu ne zai zama bolarsa.

Na Habasha ya fi wannan muni. Adis Ababa ta yi wajen shekara 50 tana zuba shara a wuri ɗaya da ake kira Koshe, kalmar ma datti take nufi da Amharik, gari ya girma ya kewaye shi, talakawa suka kafa ɗakunan laka da itace a gindin tsaunin shara, ɗaruruwa kuma na cin abinci da tsince-tsince a kai. Da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Faransa aka gina sabon wuri na zamani a Sendafa, cikin yankin Oromiya, aka buɗe a 2016. Sai dai an zaɓi mafi munin lokaci, don tun ƙarshen 2015 'yan ƙabilar Oromo ke bore kan shirin faɗaɗa babban birnin cikin gonakinsu, har gwamnati ta janye shirin a Janairun 2016. Ka duba yadda manomin Sendafa zai ga abin: birnin da ke cinye mana gonaki da diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, yanzu kuma ƙazantarsa zai kawo mana. Suka yi kukan wari da cutar dabbobi da alƙawuran da ba a cika ba, bayan 'yan watanni suka tare hanya suka hana motoci shiga. Shara ta taru a titunan Adis, hukuma ba ta da wata dabara sai ta mayar da motoci Koshe, wurin da aka riga aka ce ya gama aiki.

Daren 11 ga Maris 2017 wani ɓangare na tsaunin ya zabtaro kan gidajen da ke gindinsa. Sama da mutum 110 suka mutu, yawancinsu mata da yara, ƙasa ta yi makokin kwana uku.

Wa za ka kama? Manoman Sendafa ba su kashe kowa ba, gonarsu da ruwansu suka kare. Amma abin da na lura da shi a duk labaran nan shi ne shara kamar ruwa take, gangare take bi, kuma gangarenta shi ne inda mutane suka fi rauni. Unguwar da ke da lauya da ɗan jarida da wanda ya iya rubuta wa Bankin Duniya takarda can Washinton za ta ture. Manoman da suka samu lokacin da gwamnati ke tsoron bore za su ture. Wanda ba zai iya turewa ba shi ne wanda ke zaune a filin da ba nasa ba, wanda in ya ɗaga murya za a ce dama wa ya ba ka izinin zama, shi ne za a ci gaba da jibga wa. Ko a Amurka haka ne, a 1982 a gundumar Warren ta jihar Karolaina ta Arewa, wadda yawancin mutanenta baƙaƙe ne talakawa, mutane sun kwanta a kan titi don hana motocin ƙasa mai guba wucewa, aka kama sama da 500, aka kuma zuba abin duk da haka, sai bayan shekara 20 aka kashe miliyoyin daloli aka tsaftace wurin. Ba ka taɓa jin an ce za a yi bola a bayan gidan gwamnati ba, ko da kuwa binciken ƙasa ya nuna nan ne yumɓu ya fi kyau.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda kullum ake tsayawa kan tambayar ina za a kai, ba a cika tambayar me ya sa abin kaiwar ya yi yawa haka ba. Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ce ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun fitar da tan miliyan 174 na shara a 2016, kusan kashi 69 cikin 100 a fili ake zubar da ita, kuma ana sa ran za ta ninka kusan sau uku kafin 2050. Amma sharar garuruwa irin Akra fiye da rabinta abin da ke ruɓewa ne, ɓawon rogo da ayaba da ragowar abinci da ganye, kuma shi ne ke kawo wari da ƙuda da gas da yawancin baƙin ruwan nan. In aka raba shi tun daga gida aka yi taki da shi, abin da zai rage a binne kaɗan ne kuma ba ya damun maƙwabta sosai. Wannan ma ai ba sai Bature ya koya mana ba, manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen sharar birni da toka da kashin dabbobi a kai musu gona da rani, da jakuna a da, yanzu da tifa, leda ce ta zo ta ɓata lamarin, ka ga gona ta yi fari fat da farar leda kamar an shanya. Su kuma 'yan jari-bola da ake rainawa, su ke cire ƙarfe da roba da gwangwani ba tare da gwamnati ta biya su ko kwabo ba, kuma sau da yawa in aka zo da tsarin zamani su ake fara kora. Injin ƙona shara ma da ake ta yabo ba maganin komai ba ne, Adis ta buɗe nata a gefen Koshe a 2018 wanda aka tsara zai ci tan 1,400 a rana ya ba da lantarki, amma jiƙaƙƙiyar shara mai ɓawon kayan miya ba ta ci da wuta kamar busasshiyar takarda da robar Turai.

Duk da haka ko an yi taki an sake sarrafa roba sai an samu ragowar da dole a binne, kuma dole a wani wuri, kusa da wasu. A Birtaniya tun 1996 ake karɓar haraji kan kowane tan da aka binne, kuma an ba kamfanoni damar karkatar da wani kaso zuwa ayyukan al'ummar da ke kusa da wurin, filin wasa ne, ɗakin taro ne, wato an yarda a fili cewa waɗannan mutane suna ɗaukar wa kowa kaya ne saboda haka a biya su ladan dako. Amma irin wannan yana aiki ne inda in an ce za a yi ake yi, inda in kamfani ya bar shara a buɗe kwana biyu akwai wanda za ka kira ya zo ya ci shi tara. Inda hukumar da ke gudanar da bola da hukumar da ke sa mata ido duk 'yan gida ɗaya ne, kuma ciyaman ɗin da ya yi alƙawarin asibiti da ruwan famfo zai bar kujera kafin ramin farko ya cika, to makamin da ya rage wa mutum ɗaya ne, ya hana tun kafin motar farko ta shigo, don ya san in ta shigo ba mai fitar da ita. Ni dai in aka kira ni taron unguwa kan irin wannan, ba zanen injiniya zan nemi gani ba, zan ce a kai mu mu ga wurin da wannan hukumar take gudanarwa yanzu, ba tare da an sanar da zuwanmu ba, kuma da damina.

A Kampala ta Yuganda ma hukumar birni ta sayi fili a Ddundu shekaru da suka wuce don ta tashi daga tsohuwar bolar Kiteezi da ake amfani da ita tun shekarun 1990, mutanen Ddundu suka ƙi, kuɗin gini ma bai samu ba, aka ci gaba da jibga wa Kiteezi. A watan Agustan 2024 ta rufta kan gidaje bayan ruwan sama, mutum aƙalla 35 suka rasu, shugaba Museveni ya kori shugabar hukumar birnin. Ana cikin tono gawarwaki motocin sharar Kampala suka juya suka nufi wata bola a Nkumba kusa da Entebbe, ba nisa da tafkin Biktoriya, ba a yi kwana nawa ba shugabannin Entebbe suka fito suka ce su ma ba dai a wurinsu ba.